Murmushin da ya jawo jifa: ɗaliban Covington da makiyayansu

Da yammacin Juma'a, 18 ga Janairu 2019, wasu samari 'yan sakandare suna tsaye a gindin matakalar dandalin tunawa da Lincoln a birnin Washington, suna jiran motocin da za su mayar da su gida jihar Kentucky. An ce kowa ya hallara kafin ƙarfe 5:30, wasunsu kuwa sun riga lokaci da awa guda. Ɗaliban makarantar Covington Catholic ne, makarantar maza zalla ta Cocin Katolika da ke Park Hills, tsallaken kogin Ohio daga birnin Cincinnati. Abin da ya kai su Washington shi ne March for Life, tattakin da masu adawa da zubar da ciki ke yi duk watan Janairu tun 1974. Wato tafiyar coci ce. Makaranta ta shirya, malamai da iyaye suka yi rakiya, kamar dai yadda ake kwasar 'yan zumuntar matasa zuwa taron shekara.

Ba su gama huce gajiyar hanya ba, fuskar ɗayansu, yaro ɗan shekara 16 mai suna Nick Sandmann, ta riga ta zaga duniya, ana jifansa da kalmomin da ko babba aka jefa da su ba zai runtsa ba.

An yi ta rubutu kan laifin 'yan jarida a wannan lamari, har gaban alƙali aka je. Ni ba can idona yake ba. Na daɗe ina aiki da matasa a ikilisiya, don haka abin da ya tsaya mini a rai shi ne manyan da aka damƙa wa amanar yaran: masu rakiyar da ke wurin a ranar, da bishof da hukumar makaranta da suka yi magana washegari. Me suka faɗa, yaushe, kuma wa suke duba sa'ad da suke faɗa?

Rukuni uku a fili ɗaya

Ba ɗaliban kaɗai ne a dandalin ba. A ranar ne 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar a Amurka, suka yi nasu tattakin, ana ƙarasawa ke nan. Gefe guda kuma ga wasu maza ƙalilan 'yan ƙungiyar da ake kira Black Hebrew Israelites, baƙaƙen fata masu da'awar su ne zuriyar Isra'ilawan dauri, waɗanda aka san wani ɓangarensu da wa'azin bakin titi mai cike da ashar. Sun fara da 'yan asalin ƙasar, daga baya suka juyo kan samarin. Sun kira su 'ya'yan lalatar 'yan gida ɗaya, sun ce su ne masu harbe-harben makarantu na gobe. Akwai ɗalibi baƙar fata a cikin yaran, shi ma bai tsira ba, suka ce masa abokansa za su cire masa sassan jiki.

Samari da yawa, ga sanyi, ga jira, ga zagi na sauka. Bisa bayanin da Sandmann ya bayar daga baya, wani ɗalibi ya nemi izinin malamin da ke rakiya don su yi waƙoƙin kirarin makaranta, irin waɗanda suke yi a filin wasa, su danne muryar masu zagin. Malami ya yarda. Wuri ya ɗauki ihu da tsalle, wani yaro har ya tuɓe riga yana jan baki. Da yawansu suna sanye da jar hular hana-salla mai ɗauke da taken yaƙin neman zaɓen Donald Trump.

Ana cikin haka sai wani dattijo ɗan ƙabilar Omaha, Nathan Phillips, mai shekara 64, ya taso da ɗan gangarsa ta hannu yana kaɗawa yana waƙa, ya kutsa cikin ɗaliban. Wasu suka dare, wasu suka hau rawa da tafi, wasu suka riƙa sara iska da hannu kamar mai sara da gatari. Wannan saran al'adar 'yan kallon wasanni ce a Amurka, 'yan asalin ƙasar kuwa sun daɗe suna cewa shaƙiyanci ne ake yi musu. Phillips ya iso gaban Sandmann. Yaron bai matsa ba, bai ce uffan ba. Ya tsaya ido cikin ido da dattijon, ganga na tashi dab da fuskarsa, shi kuma yana murmushi. Bayan 'yan mintoci motoci suka iso, aka watse. Babu wanda ya taɓa wani.

Phillips ya ce ya shiga tsakani ne don ya ga rikici na neman tashi, kuma yaron ya tare masa hanya. Ya ce ya ji ana ihun a gina katanga, wato katangar kan iyakar Meziko da Trump ke alkawari. Sandmann ya ce shi aka zo aka tarar a inda yake tsaye, murmushin kuwa don ya nuna ba faɗa yake nema ba, yana ma addu'a a zuciyarsa kada abin ya ɓaci.

Minti ɗaya

Abin da duniya ta fara gani guntun bidiyo ne na kamar minti ɗaya. Babu masu zagi a ciki, babu tasowar dattijo. Sai farin yaro da jar hula yana murmushi a fuskar tsoho, abokansa na shewa. Wani shafin Twitter da ya yaɗa shi ya samu kallo sama da miliyan 2.5. Mai shafin na cewa ita malamar makaranta ce a Kalifoniya, hoton da ke kai kuwa na wata 'yar Brazil ne; kamfanin ya dakatar da shafin bayan kwana uku, ihu bayan hari.

Bari in faɗi gaskiya a kaina. Ranar da na fara ganin bidiyon, ban kai ƙarshensa ba na yanke hukunci. Mu da aka tarbiyyantar a kan in babba ya tunkaro ka kauce, ka sunkuyar da kai, me za mu kira yaron da ya ƙura wa sa'an kakansa ido yana murmushi in ba mai tsaurin ido ba? Sai daga baya na tuna cewa a can ana koya wa yaro ya dubi mutum a ido, wai alamar gaskiya ce, kuma na sha ganin yaranmu suna murmushin yaƙe idan tsoro ya kama su gaban dattawan coci. Fuska ɗaya, karatu goma. Kowa ya karanta abin da ya zo da shi a ransa.

Ranar Asabar aka yi wa yaran ca. Wata fitacciyar mai barkwanci, Kathy Griffin, ta rubuta cewa sunayensu take so, a tozarta su. Marubuci Reza Aslan ya tambayi mabiyansa ko sun taɓa ganin fuskar da ta fi wannan cancantar naushi. Wani mai shirya finafinai ya saka hoton da ke nuna a jefa yaran cikin injin niƙa itace, daga baya ya nemi gafara. Masu tonon silili suka bazama neman suna da adireshi, a gaggauce kuma suka cafko wani ɗalibi daban suka ce shi ne. Iyalinsa na tsakiyar bikin auren wansa aka fara yi musu ruwan barazana. Manyan kafofin labarai suka ɗauka, wasu har suka ce Phillips ya yi yaƙin Vietnam, abin da suka dawo suka gyara: ya yi aikin soja a shekarun 1970, amma ba a tura shi can ba.

Duk wannan halin kasuwa ne. Wanda bai san yaron ba, bai haife shi ba, bai yi masa baftisma ba, ba abin mamaki ba ne in ya jefe shi ya wuce.

Sanarwar ranar Asabar

A ranar Asabar ɗin nan, 19 ga wata, Dayosis ɗin Covington, wato yankin Cocin da ke ƙarƙashin bishof, da makarantar suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa. Suka ce sun yi Allah wadai da abin da ɗalibansu suka yi wa Nathan Phillips da ma 'yan asalin ƙasar baki ɗaya. Suka ba Phillips haƙuri. Suka ce halin ya saɓa wa koyarwar Coci game da mutuncin ɗan Adam. A ƙarshe suka ce ana bincike, kuma za a ɗauki matakin da ya dace, har da kora in ta kama.

A duba jerin maganar. Hukunci a farko, bincike a ƙarshe. In an riga an yi Allah wadai, me ya rage a bincika, ban da tsawon bulala?

Wannan sanarwa ta fi duk zagin Twitter nauyi, domin ita ce ta zama shaida. Ɗan jaridar da ke ɗari-ɗari ya samu madogara: ai cocinsu ma ta amsa laifin. Daga nan manyan Katolika suka bi sahu. Babban Bishof Joseph Kurtz na Louisville ya yi tir da abin. Shugabannin tattakin March for Life suka nesanta kansu, daga baya suka janye sanarwar. Wata mujallar masu ra'ayin riƙau, National Review, ta buga sharhin da ya kwatanta abin da yaran suka yi da tofa wa gicciye yawu, ita ma ta sauke shi ta nemi afuwa. Ka ɗauki kanka a matsayin yaron, kana zaune a ɗaki da waya a hannu. Baƙi sun tsine maka, to. Amma ga makarantarka, ga bishof ɗinka, ga waɗanda ka yi tafiyar ɗaruruwan mil don amsa kiransu, duk sun juya maka baya a bainar jama'a.

Ba na son in yi wa bishof ɗin Covington, Roger Foys, abin da aka yi wa yaron, don haka a dubi halin da yake ciki. Wata biyar kacal kafin nan, a Agustan 2018, rahoton masu taimaka wa alƙali na jihar Pennsylvania ya bankaɗo zargin lalata da yara sama da 1,000 a hannun limamai sama da 300 a dayosis shida, da yadda shugabanni suka yi ta rufa-rufa. A Yulin shekarar ne Theodore McCarrick, wani babban limamin Katolika na Amurka, ya ajiye muƙamin kadinal saboda irin wannan zargi. Duk bishof ɗin da ya ce "a dakata mu bincika" a lokacin, sai a ce ga su nan, sun fara halin nasu. Ga kuma tsohon miki tsakanin Coci da 'yan asalin ƙasar, na makarantun kwana inda aka raba yara da harshensu da al'adunsu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Ana iya fahimtar abin da ya sa suka yi gaggawa.

Fahimta dai ba wankewa ba ce. Darasin badaƙalar limamai shi ne cewa hukuma ta fifita sunanta a kan yaran da ke hannunta. A Covington ma abin da aka yi ke nan, sai dai ya zo da sabuwar riga: da ana kare suna ta hanyar yin shiru, yanzu an kare shi ta hanyar yin magana da wuri. A duka biyun yaro ne ya biya.

Abin takaicin, ba sai sun je nesa neman jagora ba. Littafin koyarwar Cocin Katolika, sakin layi na 2477 da 2478, ya ambaci yanke hukunci cikin gaggawa a matsayin laifi, wato ɗaukar laifin wani a matsayin tabbatacce ba tare da isasshiyar hujja ba, ya kuma ce a yi ƙoƙarin yi wa maganar maƙwabci da aikinsa kyakkyawar fassara. Doka ta 220 a kundin dokokin Cocin ta hana ɓata wa mutum suna ba bisa ƙa'ida ba. Karin Magana 18:13 ta ce amsawa kafin a saurara wauta ce da abin kunya, aya ta 17 kuma ta ce mai fara kawo ƙara kamar shi ke da gaskiya, sai abokin shari'arsa ya zo ya yi masa tambayoyi. Nikodimu ma abin da ya tambayi 'yan majalisa ke nan a Yohanna 7:51, ko shari'arsu na hukunta mutum ba a ji ta bakinsa ba. Duk wanda ya sa hannu a sanarwar nan ya san waɗannan ayoyi fiye da ni. Sanin aya daban, tuna ta lokacin da wayar ofis ke ruri ba ƙaƙƙautawa daban.

Kuma akwai abin da za a iya faɗa ranar Asabar ɗin ba tare da ƙarya ko rufa-rufa ba. A ce mun ga bidiyon, ya dame mu, muna girmama Malam Phillips, za mu zauna da yaranmu da masu rakiyarsu mu ji, kuma ƙananan yara ne, duk mai yi musu barazana ya sani muna tare da iyayensu. Da an zage su a kan haka, babu shakka. Amma zagin da zai sauka a kan bishof ɗan shekara 73 ya fi sauƙin ɗauka a kan wanda ya sauka a kan ɗan shekara 16. Aikin makiyayi ke nan a Yohanna sura 10, bambancinsa da ɗan ƙodago yana fitowa ne ranar da kyarkeci ya zo.

Da dogon bidiyo ya fito

Ranar Lahadi aka fara yaɗa wani bidiyo mai tsawon kusan awa biyu, wanda masu wa'azin titin nan suka ɗauka da kansu. Sai an wuce awa guda ana kallon zagi kafin Phillips ya shigo, kuma a fili yake cewa shi ya taka zuwa wurin ɗaliban. A daren ne Sandmann ya fitar da dogon bayani ta hannun wani kamfanin hulɗa da jama'a da iyayensa suka ɗauka. A lura da wannan: a lokacin da iyali suka fi bukatar mai magana a madadinsu, sai da suka biya kuɗi suka same shi.

Guguwa ta juya, ba ta lafa ba. Trump ya shigo yana kare yaran, abin ya koma dambe tsakanin jam'iyyu. Ranar Talata, 22 ga wata, ba a buɗe makarantar ba saboda barazana. Da aka buɗe, 'yan sanda ne a ƙofa. Dayosis ta sanar da cewa za ta ba wasu masu bincike na waje aikin. Ranar Laraba bishof ya je makarantar ya yi wa ɗalibai jawabi, kwana huɗu bayan ya yi wa duniya.

Ranar Juma'a, 25 ga Janairu, Foys ya rubuta wa iyaye wasiƙa. Ya ce bai kamata su bari a tursasa su, a matsa musu su yi magana kafin lokaci ba, kuma sun ɗauki cikakken alhakin hakan. Ya ba Sandmann da iyalinsa haƙuri da suna, ya ce abin da ya sami yaron ba adalci ba ne. Na jinjina masa. Na ga shugabannin coci da yawa da suka yi kuskure a kan yaro. Waɗanda suka dawo suka ce "na yi kuskure" a rubuce, ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Sai dai magana zarar bunu ce. Sanarwar Asabar ta shiga kanun labaran duniya, wasiƙar Juma'a ta zo bayan yawancin 'yan kallo sun tashi.

Rahoton, da abin da ya tsallake

Ranar 13 ga Fabrairu aka fitar da rahoton kamfanin Greater Cincinnati Investigation. Sun yi aikin awa 240, sun tattauna da ɗalibai 43 da masu rakiya 13, sun duba bidiyo da rubuce-rubucen intanet na kusan awa 50. Ba su sami shaidar cewa ɗaliban sun furta kalaman wariya ko na cin mutunci ba, ba su kuma sami ihun a gina katanga ba. Sun tabbatar wasu sun yi saran gatarin nan. Sun gano yawancin yaran a Washington suka sayi hulunan, kuma makarantar ba ta da dokar hana sa kayan siyasa a irin wannan tafiya. Ba su zauna da Sandmann ba, rubutaccen bayaninsa suka yi amfani da shi. Ba su kuma sami Phillips ba duk da sun neme shi.

Bishof ya karɓi rahoton da farin ciki, ya ce an wanke ɗalibansa, har ya ce yadda suka fuskanci lamarin abu ne da ake tsammani, ana ma iya cewa abin yabo ne.

A nan na sake rabuwa da shi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Yaran ba su yi abin da aka zarge su da shi ba, wannan gaskiya ne, kuma wajibi ne a faɗe ta da ƙarfi. Amma abin yabo? Tsalle da shewa da saran gatari a gaban tsoho mai waƙar mutanensa? Shi kansa Sandmann, a hirarsa da gidan talabijin na NBC ranar 23 ga Janairu, ya ce bai ga ya yi rashin ladabi ba, amma da za a mayar da hannun agogo baya, da ya so a ce sun bar wurin tun farko. Yaron ya hango abin da bishof ya rufe ido a kai. Bishof John Stowe na Lexington, maƙwabcin Foys, ya rubuta a jarida cewa hular siyasar Trump ba ta dace da tattakin kare rai ba. Ko ka yarda da shi ko kada ka yarda, tambaya ce da ya kamata a yi wa yaran a cikin mota tun kafin a isa Washington: in ka fita da sunan coci, me kake ɗauke da shi a ka, kuma me mutane za su karanta?

Wanda rahoton ya fi sassauta wa su ne masu rakiya. Manya suna tsaye, wasu ƙarti na zagin yaransu tsawon lokaci, dabarar da ta zo musu ita ce a ƙara ihu a kan ihu. Dandalin Lincoln fili ne mai faɗi. Taku ɗari zuwa gefe, a juya baya, a jira mota a can, da babu labari. Duk wanda ya taɓa kai matasa taro ya san cewa samari hamsin da jininsu ya hau ba sa bukatar izini, birki suke bukata. Yau kuma kowane mai wucewa da kyamara a aljihunsa. Ban ce mugunta suka yi ba. Na san gajiyar ƙarshen tafiya, lokacin da ba ka da buri sai ƙirga kawuna su cika. Amma in akwai wanda ya kamata a fara yi wa tambaya ranar Asabar, su ne, ba yaron da kyamara ta tsaya a kansa ba.

Matsalar Allah wadai da yabo ɗaya ce: duka biyun jama'a ake wa magana. Na farko don a kwantar da masu fushi, na biyu don a faranta wa iyaye da magoya baya. Maganar da yaro ke bukata ba ta shiga sanarwa. Ita ce wadda ake yi a ofishin fasto ko fada, ƙofa a rufe: ba ka yi abin da suka ce ba, kuma ba zan bar ka ba, yanzu zauna mu duba abin da ka yi ɗin. Matiyu 18:15 daga nan ta fara, tsakaninka da shi kaɗai. Terere yana lalata wannan zama ta hanya biyu. Yana sa babba tsoron tsayawa kusa da yaro, in kuma ƙura ta lafa, yana sa shi jin nauyin yi masa gyara, don yaron ya riga ya sha wuya fiye da laifinsa sau dubu. Ta haka ƙaramin kuskuren da ya cancanci nasihar minti goma yake tafiya ba gyara.

Na taɓa zama a wani taron dattawa da aka kira cikin gaggawa ranar Asabar da dare, saboda hoton wata yarinyarmu 'yar ƙungiyar mawaƙa da ke yawo a WhatsApp. Babu wanda ya kira ta. Abin da ake ta maimaitawa shi ne, "Gobe Lahadi, me za mu ce wa mutane?" Wata mama daga zumuntar mata ce ta ɗaga hannu ta ce, "Baba Fasto, ku yi mini haƙuri, wa ya je ya ga ko ta ci abinci yau?" Ɗakin ya yi tsit. Ni ne mai kula da matasa, ni ma ban je ba.

Hausa ta bambanta kunya da kunyatawa. Kunya ado ce, ita ke sa yaro ya gyara da kansa. Kunyatawa kuwa tuɓe mutum ne a kasuwa, kuma wanda aka tuɓe sau da yawa ba gyaruwa yake ba, fitsarewa yake, ko ya karye. Horon ikilisiya, duk da yadda mukan ɓata shi, yana da ƙofar dawowa: akwai wa'adi, akwai dattijon da ke bibiya, akwai ranar da za a tsaya a gaban jama'a a ce an karɓe shi. Bulus ya rubuta wa Korintiyawa, a wasiƙarsa ta biyu sura 2, cewa horon da aka yi wa wani ya isa haka, a yafe masa a ta'azantar da shi kada baƙin ciki ya haɗiye shi. A intanet babu mai ikon cewa ya isa. Wanda ya buga sunan Sandmann yau, hoton nan zai fara gani.

Inda aka kwana

Phillips ya ce a talabijin yana da fushi amma ya yafe wa ɗaliban. Sandmann ya ce yana girmama dattijon kuma zai so su yi magana. Ƙofar sulhu ke nan a buɗe, irin wadda coci ta fi kowa sanin yadda ake shiga. Lauyoyi ne suka riga kowa.

A Fabrairun 2019 iyalin suka maka jaridar Washington Post a kotu suna neman dala miliyan 250, sannan CNN da NBC, kowanne dala miliyan 275. CNN ta sasanta a Janairun 2020, Washington Post a Yulin shekarar, NBC a Disambar 2021, ba a bayyana nawa aka biya ba. Sauran ƙararrakin, har da na New York Times da ABC da CBS, alƙali William Bertelsman ya kore su a Yulin 2022, bisa cewa maganar Phillips ta an tare masa hanya ra'ayi ne, ba zancen da za a iya tabbatarwa ko ƙaryatawa ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta amince a 2023, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraren batun a 2024. Foys ya yi ritaya a 2021.

Waɗanda suka rungumi yaron tun yana tsakiyar wuta, ba su tsaya jiran rahoto ba, 'yan siyasa ne. Ranar 25 ga Agusta 2020, yana ɗan shekara 18, ya yi jawabi ga babban taron jam'iyyar Republican, a bidiyon da aka ɗauka a gaban dandalin Lincoln ɗin nan. Da ya zo ƙarshe, ya ɗauko jar hular ya kafa a kansa.